Likitar Gidan Mai Aski

A garin Yauco, duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Don Heriberto Quiñones ya san labarin 'yarsa Ivelisse, ko yana so ko ba ya so. Da zarar ya yafa maka ƙyalle a wuya ya ɗauki almakashi, to ka shiga hannu. Zai gaya maka yadda ta iya karatu tun kafin ta iya ɗaure igiyar takalminta, da yadda aka tsallakar da ita aji guda a firamare, da yadda malamin kimiyya ya rantse bai taɓa ganin kwanya irin tata ba. Tsofaffin da ke buga domino a bakin shagon sun haddace labarin, har sukan riga shi ƙarasawa.

"Heriberto, ka yi wa bawan Allah aski ka bar wa'azi," in ji su. "Kunnensa za ka yanke."

"In na yanke ma, ai ina da likita a gida," in ji shi.

A lokacin likitar tana aji biyu a sakandare.

Ivelisse ba ta taɓa jin nauyin wannan suna ba sai shekarar da za ta shiga jami'a. Wata Asabar ta kai masa abinci shago, ta tarar yana gyara wa wani ƙeya, sai ta ga bakin almakashin yana rawa kaɗan-kaɗan. Ya lura ta gani. Ya ajiye almakashin, ya tura hannun a aljihu, ya ce kofi ne ya sha ya yi masa yawa. Bayan 'yan watanni wani likitan ƙwaƙwalwa a Ponce ya faɗi gaskiyar abin. Ya ce ciwo ne da ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Yakan fara da karkarwar hannu, ya sauka ƙafa, wasu kuma idan tafiya ta yi nisa har hankalinsu yake taɓawa.

A hanyar komawa gida mahaifiyarta, Doña Migdalia, ce ke tuƙi, tana share ido da bayan hannu. Ivelisse tana kujerar baya tana lissafi a ranta. Sai mutum ya yi shekara huɗu a jami'a ya karɓi digirin farko kafin ya nemi makarantar likitanci, can ma wasu huɗun ne. Ta dubi furfurar da ke ƙeyar mahaifinta, ta ga shekara takwas sun yi yawa. Na makarantar likitanci ba su taɓuwa. Na farkon kuwa, ai ana iya datse su.

Haka ta shiga jami'a a Mayagüez tana da shekara goma sha bakwai, kamar wadda aka koro. Duk zango sai ta ɗauki darussa fiye da yadda aka saba bari, ta je ta tsaya a ƙofar ofis har a sa mata hannu. Matar da ke ba ɗalibai shawara ta taɓa cire tabarau ta dube ta.

"Yarinya, ba tseren doki ake yi ba. Makarantar likitanci ba ta tambayar wa ya riga isowa. Suna son su ga me kika yi a hanya."

Ivelisse ta ce ta gode, ta fito. A ranta ta ce, ke mahaifinki lafiyarsa ƙalau.

Ɗaki ɗaya suke da wata Zuleyka Irizarry, 'yar garin San Germán, doguwa mai baki kamar reza, wadda ita ma likitanci take so amma ba ta yarda ya hana ta rawa ba. Takan shigo ta tarar da Ivelisse ta kifa kai a littafi, ta zare mata biro daga hannu.

"Nena, 'yan mata, tashi. Farfesa Cintrón yana neman ɗalibai a ɗakin bincikensa. Wankin kwalabe ne kawai da ba ɓeraye abinci."

"Ni ban zo jami'a wankin kwalba ba."

"To ki raka ni gidan tsofaffi ranar Asabar. Akwai wani tsoho da ya ce zai aure ni, ki zo ki ga mijina."

"Ina da jarrabawa ranar Litinin."

"Ke kullum kina da jarrabawa ranar Litinin. Ranar da aka zo binne ki ma za ki ce a dakata sai Talata."

Ivelisse takan yi dariya ta karɓe bironta. Tana son Zuleyka, amma tana ganin ta mai wasa da lokaci.

Idan dogon hutu ya zo, ɗalibai su watse, ita takan zauna ta ɗauki darussan hutu. Gidan kwanan ɗalibai ya yi tsit, sai ita da fanka. Tsakanin Mayagüez da Yauco ba wata tafiya ba ce, amma zuwa gida yana nufin kwana biyu ba karatu, ita kuma ba ta da kwana biyun bayarwa. Don Heriberto yakan kira ta a waya.

"Mija, 'yata, mangwaron bayan gida ya nuna, tsuntsaye ne ke shanyewa. Yaushe za ki leƙo?"

"Papi, saura kaɗan. Bari in gama wannan."

"To, to. Ki yi karatunki. Kada ki kula ni, surutun mai aski ne."

A waya ta ji cewa ya rufe shagon, bayan ya yanki wani yaro a bayan kunne, uwar yaron ta yi ta faɗa a bainar jama'a. A waya ta ji ya fara dogara sanda. Kowane irin wannan labari sai ya ƙara mata wuta, ta ƙara darasi. Idan ta je gida Kirsimeti takan tarar an yi masa wanka an sa masa riga mai guga yana zaune a baranda, ta sumbace shi, su ci abinci, washegari ta buɗe littafi a ɗakinta.

A hutu na biyu ta zauna babbar jarrabawar da ake yi kafin neman makarantar likitanci. Wasu sukan ware watanni don ita kaɗai. Ita kuwa ta haɗa ta da darussa biyu na hutu, ga shi wasu abubuwan da aka tambaya ba ta ma kai ga karanta su a aji ba. Da sakamako ya fito, ba faɗuwa ta yi ba, amma makin na tsaka-tsaki ne, irin wanda ba ya sa kowa ya ɗaga kai. Tunda take ba ta taɓa ganin irinsa kusa da sunanta ba. Ta ce ba komai, makin jami'arta zai rufe.

Sai maganar takardar shaida daga malamai. Ta zaɓi Farfesa Cintrón, domin a darasinsa ta fi kowa ci. Ta same shi a ofis yana cin burodi da cuku, takardu sun kusa binne shi. Ta gaishe shi ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya goge hannu, ya duba kwamfutarsa.

"Quiñones, Quiñones... ga ki nan. Kai, lallai kin ci. Wace shekara kika yi darasina?"

"Bara, Farfesa."

"Bara?" Ya ƙura mata ido yana neman fuskarta a ransa, bai samu ba. "A ina kike zama?"

"Gaba, ta wajen taga."

"Kin taɓa zuwa ofis ɗin nan?"

"A'a. Ban taɓa samun abin da ya shige mini duhu ba."

Ya yi ɗan murmushi, ba na mugunta ba. "Zan rubuta miki. Amma ki sani, abin da zan iya cewa shi ne kin ci jarrabawata. Wannan kuwa suna da shi a gabansu tun kafin in faɗa. Ban san yadda kike ba idan abu ya lalace a hannunki. Ban san ko kina da haƙuri da mutane ba. Da za ki ƙara ko shekara guda tare da mu..."

"A watan Disamba zan gama, Farfesa."

"Haka ne," in ji shi, ya koma kan burodinsa.

Ta gama a Disamba, cikin shekara biyu da rabi, tana da shekara goma sha tara. Aka haɗa walimar da bikin Kirsimeti. Aka gasa alade guda a bayan gida, Doña Migdalia ta dafa shinkafa da wake tukunya biyu, maƙwabta suka zo da garayarsu da ganguna. Ƙanwar mahaifinta, Titi Nilsa, wadda ba a zama da ita a ji kunne, ta riƙa jan ta daga wannan tebur zuwa wancan.

"Ku gan ta nan! Naku 'ya'yan suna can suna maimaita aji, tamu ta gama tun ba ta yi haƙorin hankali ba. Doctora, likitarmu, zo ki duba mini gwiwar nan, tun Ista take damuna."

Don Heriberto ya ce shi ma sai ya yi magana. Aka kama shi ya miƙe. Ya ɗaga kofin gilashi, hannun ya yi ta kaɗawa har abin shan ya zube masa a riga. Muryarsa da a da ake ji daga bakin kasuwa ta koma ƙasa-ƙasa. Abin da aka iya ji kawai shi ne, "Na gaya muku." Aka yi tafi. Ivelisse ta shiga banɗaki ta kulle ƙofa ta yi kuka, ita kanta ba ta san na murna ba ne ko na tsoro.

Cikin duk makarantun da ta nema, ɗaya ce kawai ta kira ta ganawa. Ta sa kwat ɗin da mahaifiyarta ta rage mata, ta shiga ɗakin jira ta tarar da sauran masu nema, duk sun girme ta. Wani ya yi shekara biyu yana aiki a motar ɗaukar marasa lafiya. Wata tana ba da labarin yadda suka yi ta kai magani ƙauyukan kan dutse bayan guguwa ta karya gadoji. Ivelisse ta rungume jakarta.

Wadda ta gana da ita wata dattijuwar likita ce, Doctora Pagán, gashinta fari fat, muryarta a kwance. Ta yaba makinta. Ta tambaye ta wasu abubuwa na kimiyya, Ivelisse ta amsa kamar ruwa. Sannan ta rufe takardun.

"Ba ni labarin wani marar lafiya da kika taɓa zama da shi."

"Mahaifina ba shi da lafiya, Doctora. Saboda shi ne ma nake son aikin nan." Ta faɗi sunan ciwon, da sinadarin da ke ƙarewa a ƙwaƙwalwa, da magungunan da ake bayarwa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Allah ya ba shi sauƙi. Wa ke yi masa wanka?"

"Mami."

"Ta yaya take shigar da shi banɗakin?"

Ivelisse ba ta taɓa gani ba.

"Da safe ya fi shan wahala ko da yamma? Yana iya haɗiye abinci ko ya fara shaƙewa? Me ya fi jin tsoro?"

Ba ta san ko ɗaya ba.

"Rabonki da yin wata guda a gida fa?"

"Ina karatu ne, Doctora. Ina so ya ga na zama likita kafin..." Sai hawaye suka zubo mata.

Dattijuwar ta tura mata kwalin takardar share hanci, ta jira. Da ta yi magana, a hankali ta yi. "Ba ni kaɗai ke yanke hukunci ba. Amma zan gaya miki abin da zan gaya wa 'yata. Kin san ciwo, ba ki san marar lafiya ba tukuna. Shekarunki goma sha tara. Aikin nan ba ya gudu."

Ivelisse ta so ta ce, aikin ba ya gudu, amma Papi yana gudu. Ba ta faɗa ba. Ta yi godiya ta fito.

A watan Maris amsa ta zo, ba su ɗauke ta ba. Sauran makarantun dama tuni sun ce a'a.

Ba ta gaya wa kowa ba sai da ta fara komawa Mayagüez, da niyyar gyara abin da ya ɓaci. Ta nufi ɗakin karatu, ta ɗora katinta a ƙofa kamar yadda ta saba, ƙofar ta ƙi buɗewa. Mai gadi ya duba katin ya ce, "Ai ke kin gama, señorita. Barka." Ta hau wajen Farfesa Cintrón ta ce ta zo wankin kwalaben. Wannan karon ya gane ta, ya kuma ji ba daɗi. Ya ce guraben na ɗaliban da ke da rajista ne, dokar jami'a ce, ba shi da yadda zai yi. Ta je asibitin da ɗalibai ke bin likitoci suna kallon aiki, aka ce da jami'a suka yi yarjejeniya, sai ta kawo shaidar ita ɗaliba ce. Duk ƙofar da ta wuce da gudu a baya, yanzu ta dawo ta tarar an rufe, kuma digirin da ke hannunta shi ne makullin da ya rufe su.

Ta ga Zuleyka daga nesa a ƙarƙashin bishiya da wasu ƙawaye, sanye da farar rigar ɗakin bincike, suna cin soyayyar ayaba suna shewa. Ta bi ta bayan gini don kada su haɗu.

A gida ta tarar da mahaifinta a baranda. Ta durƙusa kusa da kujerarsa ta gaya masa. Ya girgiza kai.

"Wawaye ne," in ji shi. "Su suka yi asara. Baɗi za su zo suna roƙo."

Ya ɗora hannunsa mai karkarwa a kanta. Ta ji kamar ta nutse a ƙasa.

Bayan 'yan makonni, suna karin kumallo, ya ɗago ya ce, "Mija, yaushe ne za ki fara makarantar likitancin?" Ta ɗauka wasa yake. Ta sake gaya masa. Fuskarsa ta faɗi kamar yau ya fara ji, ya ce wawaye ne, su suka yi asara. Da ya yi tambayar karo na uku, Doña Migdalia ta ja ta kicin.

"Kada ki sake gaya masa. Duk lokacin da kika faɗa, sabon ciwo kike ji masa. Ki ce kin fara, kin zo hutu."

"Mami, ƙarya zan yi masa?"

"Ni da nake yi masa ƙarya shekara guda cewa shagonsa gyara ake yi, na mutu ne?"

A nan Ivelisse ta san hankalin nasa ya daɗe da fara taɓuwa, ɓoye mata aka yi don kada karatunta ya tsaya.

Zaman gida ya zame mata makarantar da ba ta nema ba. Ta koyi yadda ake ɗaga namiji babba daga gado ba tare da an karya ƙugu ba. Ta gane da yamma ya fi rikicewa, idan rana ta karkata sai ya ce akwai mutane tsaye a labule suna jiran aski. Ta koyi dama masa abinci ya yi kauri don kada ya shaƙe. Idan an ɗauke wuta, abin da ba ya wuya a unguwarsu, ita ke zama tana yi masa fifita. Ta samu wani gidan tsofaffi na 'yan coci da ya yarda ta riƙa zuwa tura kekunan marasa lafiya. Fita gari kuwa ta zame mata azaba. Ko burodi ta je saye sai wani ya ɗaga murya, "Doctora! Har yanzu kina nan?" Titi Nilsa, wadda a da take yawo da ita, yanzu takan ce wa mutane, "Hutawa take yi, kanta ya ɗauki zafi," da muryar da ke nuna akwai magana a ƙasa.

Ta sake zama jarrabawar, ta yi karatunta tsakanin wanki da ba da magani. Makin ya ɗan ɗaga. Ta sake nema, a shekarar da Zuleyka ma ta nema. Wannan karon aka sa sunanta cikin masu jiran ko wani zai janye. Ta yi ta jira har damina ta sauka, ba wanda ya janye.

Zuleyka ta kira ta. Ba ta yi ihun da ta saba ba.

"Nena, gara ki ji daga bakina. Sun ɗauke ni."

"Na taya ki murna. Wallahi na taya ki." Da gaske take, amma sai da ta dafa bango.

"Kin fi ni kai, kowa ya sani. Ni fa har yanzu da yatsu nake lissafi."

"Bari, Zuly. Kada ki lallashe ni."

"To ba zan lallashe ki ba. Baɗi ki shigo, in zama babbarki, ki riƙa ɗaukar mini jaka."

Ivelisse ta yi dariya, hawaye na zuba. Da ta ajiye wayar ta tsaya a tsakar gida. Ta bar jami'a shekara ɗaya da rabi kafin ƙawarta, ga shi ƙawar ta shige ta bar ta a bakin ƙofa. Sauri ya haifi nawa.

A cikin wannan shekarar ne Don Heriberto ya daina gane ta. Wata yamma tana yanke masa farce, ya ƙura mata ido da ladabi irin na baƙo.

"Ke 'yar gidan wa ce? Hannunki da sanyi, kin iya aiki."

"Ni ce, Papi. Ivelisse."

"Sunan 'yata ke nan," in ji shi, fuskarsa ta washe. "Kin san ta? Tana Mayagüez. Ba ta samun zuwa, karatu ya yi mata yawa." Ya dubi farcensa. "In kin gan ta ki ce ba fushi nake ba. Ki ce ta leƙo ko na yini ɗaya ne."

Ta ce za ta gaya mata. Ta ƙarasa yanke farcen, ta kwashe, ta fita bayan gida ta zauna a kan bulo har sauro ya kore ta. Daga ranar, kusan kullum sai ya ba ta wannan saƙon. Tana goge masa baki, tana canza masa zanen gado, shi kuma yana jiran 'yarsa.

Ciwon huhu ne ya ƙarasa shi, a watan Fabrairu, a asibitin Ponce. Tana riƙe da hannunsa, karkarwar ta tsaya. An cika a jana'izar, domin rabin mazan garin ta hannunsa suka bi. Tsofaffin domino suka ɗauki akwatin, ɗaya daga cikinsu yana kuka kamar yaro.

Bayan wata ɗaya makarantar Doctora Pagán ta ɗauke ta, a nema na uku. Ta karanta saƙon a tsaye a kicin, ta ajiye wayar, ta ci gaba da wanke-wanke. Sai da yamma ta gaya wa mahaifiyarta. Doña Migdalia ta yi alamar gicciye, ta ce an gode Allah.

A watan Agusta aka yi bikin sanya wa sababbin ɗalibai farar riga. Doña Migdalia ta zo cikin baƙaƙen kaya, ta zauna a tsakiyar iyayen da ke ta ɗaukar hoto. Zuleyka, wadda yanzu take aji biyu a makarantar, ta yi ta busa fito daga bayan zaure har aka juyo ana kallon ta. Rigar da aka ba Ivelisse ta yi mata yawa, hannun ya rufe yatsunta.

Bayan an tashi ta raka mahaifiyarta wajen mota. Doña Migdalia ta kama hannun rigar tana naɗewa, tana cewa ta kawo mata ita gida ta rage.

"Mami," in ji Ivelisse, "lokacin da nake Mayagüez, ya riƙa nemana sosai?"

Matar ba ta ɗago ba. Ta gama naɗe hannu ɗaya ta kama ɗayan.

"Kina so in ce a'a?"

"Ina so ki faɗa mini gaskiya."

"Ya neme ki. Duk Asabar sai ya sa na share ɗakinki. Lokacin yana da bakinsa da hankalinsa, yana iya tafiya har dandali." Ta saki hannun rigar. "Ni ma da laifina. Na ce masa kada ya matsa miki. Duk mun ɗauka abin da ya dace ke nan."

"Da na sani..."

"Ai ba ki sani ba. Ba wanda ya sani." Ta buɗe ƙofar mota. "Bari in kama hanya, kin san idona ba ya son yamma, ga hadari ya taso ta wajen duwatsu. Akwai abinci a cikin kular nan, ki sa a firji kada ya lalace. Ki ci, kin ji? Kin rame."

Ivelisse ta karɓi kular. Motar ta ja da baya a hankali, ta tsaya a bakin ƙofa ta ba wasu hanya, sannan ta hau titi. Daga cikin zaure ana ta kiran 'yan aji ɗaya su zo a ɗauki hoton haɗin gwiwa. Ta ɗan ƙara tsayawa a wurin, rungume da kular, har yayyafi ya fara sauka, sannan ta juya ta shiga.